Wanda Ya Zauna a Kujerar Isamu

Tun daga bakin matakala Fumino ta san ba Isamu ba ne a kan fiyanon. Kiɗan dai shi ne, wanda suka shekara suna yi tare, ita da goge shi da fiyano, amma hannun na wani ne. Isamu yakan shiga farkonsa a hankali kamar mai gudun tada wani daga barci. Wannan kuwa dukan abin yake yi.

Ta tura ƙofar ɗakin gwaji na makarantar kiɗan Ukita ba tare da ta ƙwanƙwasa ba.

Masatoshi ne a zaune, ɗan Malam Ukita mai makarantar, wanda ya dawo hutu daga Tokyo. Ya ɗago yana murmushi, ya gyara hannun farar rigarsa.

"Kin makara da minti goma, Fumino."

"Me kake yi a kan kujerar nan?"

"Aikin da mai kujerar ya gudu ya bari."

Maganar ta soke ta, domin akwai gaskiya a cikinta. Yau kwana uku ke nan da saƙon Isamu ya shigo wayarta, layi ɗaya tak: "Na janye. Ki yi haƙuri, Kashiwagi-san." Da sunan gidansu ya kira ta kamar wata baƙuwa, shi da tun bara ba ya ce mata komai sai Fumino. Ta yi ta kiransa har wayar ta yi zafi a hannunta, bai ɗauka ba.

Kuma ba ƙaramin abu ya janye daga ciki ba. Wani kamfanin fim ɗin zane a Tokyo ne yake shirya labarin wata yarinya mai goge da wani yaro mai fiyano, suna neman matasa na gaske da za su yi kiɗan, a kuma ɗauki hoton yatsunsu don masu zane su kwaikwaya. Mai shirya fim ɗin ta ga su biyun a bikin makarantarsu na nan Hamamatsu, ta ce su take so. Ran Asabar ɗin nan za a ɗauki sautin.

"Babana ya yi magana da mutanen Tokyo," in ji Masatoshi. "Sun yarda in maye gurbinsa. Fito da gogen mu fara, kwana biyu kawai ya rage mana."

"Ba 'mu' a nan. Wa ya ce maka ya gudu?"

"To ina yake?"

"Tambayarka na yi."

Masatoshi ya rufe murfin fiyanon, ya jingina da shi.

"Ki daina yi mini kallon nan kamar ni na kore shi. Mamanki da babana suka gama magana tun ran Lahadi. Aka kira yaron aka nuna masa yadda abubuwa suke, shi kuma ya fahimta. Ɗan mai gyaran fiyano ai ya san inda tuwon gidansu yake fitowa."

Mahaifin Isamu, Hotta Genzo, shi ke gyara sautin duk fiyanon makarantar nan tun kafin a haife ta, kuma duk gidajen da ke kiransa a garin da bakin Malam Ukita suke kiransa.

"Barazana kuka yi masa."

"Shawara aka ba shi."

"Ka ji kunya, Masatoshi-san."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya miƙe tsaye, muryarsa ta sauya.

"Kunya? Shekara uku ina zuwa duk inda za ki yi wasa, ina zama a layin gaba, ko sau ɗaya ba ki taɓa neman fuskata ba. Na fi shi hannu, kin sani, kowa ya sani. Me yake da shi? Yaron da ya koyi kiɗa a kan fiyanon mutane da aka kawo gyara."

"Ka fi shi sauri, shi ke nan. Shi yana saurarena in muna kiɗa. Kai kanka kake saurare."

"Zan koya. Ki ba ni kwana biyun nan ki gani."

Da wata rana ce da wataƙila ta ji tausayinsa, don idanunsa sun kaɗa da gaske. Yau babu wurin tausayi a ranta. Ta saɓa akwatin gogenta ta juya.

"In kika fita, babana zai ji," ya ce a bayanta.

"Ka faɗa masa. Ai aikinka ke nan."

*

Ta sami mamanta, Kazue, a kicin tana yanka kabeji siriri-siriri, romon miso, miyar waken soya, na kan wuta. Fumino ta zare takalmanta ta bar su a watse a bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ba yanzu ya kamata ki tashi daga gwaji ba," in ji Mama ba tare da ta waiwayo ba.

"Me kika ce wa Isamu?"

Wuƙar ta tsaya kaɗan, ta ci gaba.

"Je ki gyara takalmanki."

"Mama, me kika ce masa?"

"Abin da uwa take faɗa wa yaron da ke rubuta wa 'yarta saƙo sau talatin a rana."

"Kin buɗe wayata?"

"Ni na saya miki ita."

Hawayen da Fumino take riƙewa tun daga tashar jirgin ƙasa suka zubo, masu zafi, na baƙin ciki.

"Me ya yi miki? Ya taɓa yi miki rashin kunya? Duk zuwan da yake yi gidan nan a bakin ƙofa yake tsayawa, ya rusuna miki har sai kin shige. Laifinsa kawai ubansa yana sa rigar aiki?"

Mama ta ajiye wuƙar ta juyo, tana goge hannu a jikin zanen girkinta.

"Ban ce yaron banza ba ne. Da ɗan banza ne da ban damu ba, da kanki za ki gaji da shi. Shekarunki goma sha bakwai, Fumino. A watan Fabrairu za ki je jarrabawar shiga makarantar kiɗa a Jamus, kuma ba mai kallon takardarki in babu wasiƙar Malam Ukita. Tun da yaron nan ya shigo rayuwarki awa shida ta gwajin goge ta koma huɗu. Ina jin ki ta bango. Kiɗanki ya yi taushi."

"Ya yi daɗi ne. Wannan ne karo na farko da nake son abin da nake yi."

"Daɗi ba ya cin jarrabawa."

"To shi Masatoshi fa? Shi ma don jarrabawar aka kawo shi? Ko kin zata ban ga yadda kike tura ni in zuba masa shayi ba duk ran da suka zo?"

"Ɗan gidan mutunci ne, kuma hanyarku ɗaya. Ban ce ki so shi ba. Na ce kar ki rufe ƙofa."

"Sayar da ni kike yi da wasiƙa."

Marin bai yi ƙarfi ba, amma shi ne na farko a rayuwarta. Su duka biyun suka tsaya cak.

"Kin san shekaruna nawa lokacin da aka kira ni Jamus karatun goge?" Mama ta ce. "Goma sha tara. Takardar tana hannuna. Sai na haɗu da babanki, direban bas mai dariya, wanda yake tsayawa a bakin ƙofa ya rusuna wa uwata. Na ce ai shekara ɗaya ba komai ba ce, zan tafi baɗi. Baɗin ba ta zo ba. Yau ga ni ina ƙirga ƙwayoyi a kantin magani, yatsuna ko tsirkiya ba sa iya dannawa."

Fumino ta dubi lungun falo, inda hoton mahaifinta yake a kan ɗan teburin tunawa da mamata, da 'yar tasar shinkafar da Mama take ajiye masa kowace safiya shekara shida ke nan.

"Kina nadamar auren Baba ke nan?"

Mama ta kawar da kai daga hoton.

"Ki faɗa a gabansa. Ki ce kina nadama. Ki ce ni ma kina nadamar haihuwata."

"Kar ki sa mini magana a baki."

"To kar ki sa mini rayuwarki a wuya. Ke kika zaɓa, Mama. Ba wanda ya je ya tsorata Baba a bayan idonki."

Romon ya tafaso ya zubo a kan wuta, ba wadda ta kula. Fumino ta goge fuska da bayan hannu, ta ɗauki gogenta.

"Ina za ki?"

"Kin sani."

"In kika taka shagon nan, Fumino..."

Ƙarar rufe ƙofa ta haɗiye sauran maganar.

*

Shagon Hotta yana bayan tashar jirgi, tsakanin mai sayar da gasasshen kifi da wani tsohon gidan wanka. Rana ta take, kwalta har wani tururi take yi. A ciki fiyano uku ne a tsaye cikinsu a buɗe, wurin yana ƙamshin katako da man goge ƙarfe.

Isamu yana durƙushe a ƙarƙashin ɗaya, da tawul ɗaure a ka. Da ya ga takalmanta sai ya fito a hankali, ya miƙe, ya kasa kallonta. Ya rame a kwana ukun nan, ta lura, kuma hakan ma haushi ya ƙara mata.

"Kashiwagi-san..."

"Ka sake kirana da sunan nan ka gani."

Ya sunkuyar da kai.

"Layi ɗaya, Isamu. Shekara guda muna tare, abin da na samu layi ɗaya. Ko mai kawo jarida in zai daina zuwa yana yin sallama fiye da haka."

"Na ga hakan ya fi sauƙi."

"Ga wa?"

"Gare ki. Ukita-san ya fi ni iyawa. Fim ɗin zai fi kyau da shi, kuma ni dama na gaji da..."

"Ƙarya kake yi, kuma ba ka iya ba. Na san komai. Na san an kira ka ran Lahadi."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya waiga wajen labulen da ya raba shagon da cikin gida, ya rage murya.

"Ki yi a hankali, Baba yana ciki. Bai sani ba."

"Ba zan yi a hankali ba. Shekara goma sha bakwai ina yin a hankali."

"To me kike so in yi?" Shi ma ransa ya fara ɓaci. "Malam Ukita ya zaunar da ni, mamanki tana gefe, ya ce akwai wani mai gyara a garin nan da ya daɗe yana neman aikin makarantar. Bai ƙara komai ba, bai ma ɗaga murya ba. Babana shekarunsa sittin da ɗaya, kunnensa na hagu ya fara mutuwa, ɓoyewa yake yi. In aka ƙwace masa makarantar, wa zai kira shi? Ke za ki tafi Jamus. Mu muna nan."

"Shi ya sa ka yanke hukunci kai kaɗai."

"Ba ni da zaɓi."

"Kana da baki! Da ka zo ka faɗa mini, mu yi kukan tare, mu nemi hanya tare. Mama ta zaɓa mini, Malam ya zaɓa mini, Masatoshi ya zauna a kujerarka yana jiran in ce na gode. Kai kaɗai na zata kana tambayata abin da nake so. Ashe kai ma irinsu ne, kawai dai kai da ladabi kake yi."

Wannan ta shige shi. Ya cire tawul ɗin kansa ya matse shi a hannu, idanunsa sun cika.

"Kin zata ina barci? Ran Litinin na zauna zan yi kiɗan nan namu, na kai inda kike shigowa, na tsaya ina jiranki kamar wawa."

"To ka zo ran Asabar."

"Fumino, ba zan iya ba."

"Ka ce ba ka sona, sai in tafi. Ka kalle ni ka faɗa."

Ya kalle ta.

Aka yaye labulen. Hotta Genzo ya fito da kofin shayin sha'ir mai sanyi a hannu, gajeren dattijo mai furfura, tabarau a saman goshi. Ya miƙa wa Fumino kofin, ta karɓa da hannu biyu tana rusunawa, sannan ya juya wajen ɗansa.

"Na hagun ne ya mutu," ya ce. "Na daman yana aiki."

"Baba, ni dai..."

"Rufe mini baki. Wa ya aike ka? Yaushe na zama kayan da za ka biya da kanka ka fanso? Shekara talatin da biyar ina shiga gidajen mutane ta ƙofar baya, ina cewa na gode ko an ba ni ruwa ko ba a ba ni ba, don wata rana ɗana ya shiga ta ƙofar gaba. Ranar ta zo, sai ka mayar musu da ita saboda ni?"

"In suka kore ka fa?"

"Su kore ni. Akwai makarantun yara a garin nan da fiyanonsu ke kuka kamar akuya, zan bi su ɗaya-ɗaya. Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna a gaban talabijin ina kallon yatsun ɗan Ukita a inda naka ya kamata su kasance." Ya nuna Fumino da haɓa. "Kuma dubi yadda ka sa 'yar mutane ta ratso rana. Karɓar mata kayan nan, marar tarbiyya."

Isamu ya sa hannu ya karɓi akwatin gogen daga kafaɗarta, yana share ido da gefen hannu. Fumino ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, har ta kusa yin dariya cikin kuka.

Sai wata ƙaramar farar mota ta tsaya a ƙofar shagon.

Mama ce ta fito. Ta sauya kaya, ta sa baƙin siket da farar riga irin na zuwa wurin manya, gashinta a ɗaure tsaf. Ba ta dubi Fumino ba. Ta tsaya a gaban shagon, a kan kwaltar da ke ƙuna, ta durƙusa gwiwa biyu, ta kafa tafukanta a ƙasa, ta sunkuya har goshinta ya taɓa titi.

Mai gasa kifi ya bar abin da yake yi. Wasu mata biyu masu lema suka tsaya daga nesa.

"Hotta-san," Mama ta ce daga ƙasa, "na yi maka laifi, na bi ta bayanka. Ina neman gafara. Amma ita kaɗai gare ni. Ina roƙonka, ka ce wa ɗanka ya bar mini ita."

"Mama, tashi." Fumino ta matsa kusa da ita. "Mutane suna kallo. Tashi mana."

"Kashiwagi-san, don girman mamacinki ki ɗaga kanki," in ji dattijon, ya fito da sauri shi ma ya durƙusa. "Ƙasar nan za ta ƙona ki."

"Ba zan tashi ba sai na ji daga bakin yaron."

Fumino ba ta taɓa ganin ƙeyar mamanta a ƙasa ba, ko ran da aka ƙone gawar Baba bisa al'ada aka binne tokarsa. Tausayi ya taso mata, fushi ya danne shi, domin ta gane wannan ma wata igiya ce, kuma ta fi ta Malam Ukita ƙarfi. Wane yaro ne zai ce a'a ga uwar da ta sa goshi a titi?

Ta dubi Isamu. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya ajiye akwatin gogen a hankali a jikin ƙofa, ya taka zuwa gaban Mama, ya durƙusa, ya kai nasa goshin ƙasa.

"Ki yafe mini," ya ce. "Ba zan hana ta Jamus ba. In awa shida kike so, ni zan zauna in ƙirga mata. Amma ran Lahadi na yi miki alkawarin da ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma na karya shi yanzu. Ran Asabar zan je Tokyo. In ta yarda, tare za mu yi kiɗan."

Aka ji ƙarar jirgin ƙasa yana barin tasha.

Mama ta ɗago. Tsakuwa ta yi mata jan tabo a goshi. Ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwoyinta, sannan a karo na farko ta dubi 'yarta.

"Kin yarda?"

Fumino ta dubi mamanta ido cikin ido.

"Na yarda, Mama."

Mama ta gyaɗa kai kamar wadda aka faɗa wa abin da ta riga ta sani. Ta koma wajen motar ta buɗe bayanta, ta ciro babbar jakar tafiya mai ruwan toka, ta kawo ta ajiye a gaban Fumino. Hannun rigar makarantar Fumino ya leƙo ta bakin zif ɗin.

Ashe tun kafin Mama ta baro gida ta haɗa mata kayanta, don in ta zaɓi Isamu ba ta da komawa gida.

"Maganin ciwon kanki yana aljihun gefe," Mama ta ce.

Ta shiga mota ta tayar. Fumino ta bi ta da gudu tana buga gilashin, tana kiran Mama, Mama, amma motar ba ta tsaya ba har ta sha kwanar gidan wanka.